Ɗure, Rarrashi da Hani: Yadda Ciyarwa Ke Taɓa Tunanin Yaro

A shekarar 1948 Jamus tana cikin ƙuncin bayan Yaƙin Duniya na Biyu, abinci ma da awo ake raba shi. A lokacin ne wata masaniyar abinci 'yar Ingila, Elsie Widdowson, ta sa ido a kan wasu gidajen marayu biyu, kowanne da yara wajen 50. Shirinta mai sauƙi ne. Wata shida na farko duka gidajen za su ci rabon gwamnati, ana auna nauyin yaran da tsayinsu. Wata shida na biyu za a ƙara wa gida ɗaya burodi da abin shafa masa da ruwan lemo, a ga yadda ƙarin zai nuna a jiki.

Tun a zangon farko lissafi ya fara karkacewa. Abinci iri ɗaya, awo ɗaya, amma yaran gida ɗaya sun fi na ɗayan ƙaruwa. Da aka shiga zango na biyu, gidan da ke gaba ɗin ne ya samu ƙarin abincin, sai ga shi ƙaruwarsu ta ja baya, su kuwa waɗanda ba a ƙara wa komai ba suka fara cika ido. Da Widdowson ta bi diddigi, sai ta gano cewa a daidai lokacin da aka fara ba da ƙarin ne aka yi canjin ma'aikata. Matar da ke riƙe da gidan da ke baya, mace mai tsanani da tsawa, ita aka mayar gidan da ke gaba. Lokacin cin abinci kuma ta zaɓa don yi wa yara faɗa a gaban 'yan uwansu: abinci na gabansu yana hucewa, ita tana zazzaga masifa, wasu na hawaye. Duk gidan da take, nan ne girma ke tafiyar hawainiya, in ban da wasu yara takwas 'yan gaban goshinta da ta ƙaura tare da su, waɗanda suka fi kowa murjewa. An buga rahoton a mujallar likitoci ta Lancet a 1951.

Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, haka mai karatu zai ce, kuma ya yi gaskiya. Sai dai gidaje biyu da mace ɗaya ba su isa a kafa doka a kansu ba. Amfanin labarin shi ne tambayar da ya tayar, wadda masana suka shafe shekaru fiye da 70 suna bi: ban da abin da ke cikin kwano, shin yadda ake miƙa kwanon yana barin wani tabo a zuciyar yaro? In yana bari, wane irin tabo ne, kuma ta wace hanya?

Idan masu wannan bincike suka ce "salon ciyarwa", abubuwan da kowane mai ɗa ya sani suke nufi. Akwai matsa wa yaro ya ci, daga naci har zuwa ɗure. Akwai hana shi wani abinci ko taƙaita masa yawan abin da zai ci. Akwai mayar da abinci lada ko horo, da toshe bakin mai kuka da kayan zaƙi. Akwai kuma tsari, wato lokacin ci, wurin ci, da wanda ake ci tare da shi. Hujjar da ke bayan kowanne ba ƙarfi ɗaya gare ta ba, kuma cakuɗa su wuri ɗaya shi ne ke sa a ɗora wa iyaye laifin da ba nasu ba.

Yaro da ma'auninsa yake zuwa

Wata likitar yara a Amurka, Clara Davis, ta fara wani gwaji a shekarun 1920 wanda yau da wuya a ba wani izinin maimaita shi. Jarirai 15 da aka yaye ta tara, ana jera musu ƙananan kwanoni daga cikin abinci fiye da kala 30, masu jinya na zaune ba su cewa uffan. Abin da yaro ya nuna ko ya kai wa hannu, shi ake ba shi. Wani ya maƙale wa abu ɗaya kwana da kwanaki, sannan ya watsar ya koma wani. Duk da wannan hargitsi, yaran sun girma lafiya. Ita kanta Davis ta yi gargaɗin cewa akwai sirri a ciki: duk abin da aka jera mai gina jiki ne, babu sukari, babu kayan kwaɗayi. Manya ne suka zaɓi abin da zai zo gaban yaro, yaro ya zaɓi nawa zai ci.

A 1991 wata mai bincike a kan cin abincin yara a Amurka, Leann Birch, da abokan aikinta suka auna duk abin da wasu yara 15, 'yan shekara 2 zuwa 5, suka ci na tsawon kwana shida. Daga wannan ci zuwa wancan, yawan abin da yaro ke ci yana hawa da sauka da kusan kashi ɗaya bisa uku. Amma in aka haɗa cin yini guda, bambancin bai wuce kimanin kashi 10 cikin 100 ba. Wanda ya tsakuri abincin rana yakan rama da dare. Uwa tana kallon kwanon da ke gabanta, jikin yaron kuwa lissafin yini yake yi.

To ga inda rigimar take farawa. Yaro ɗan shekara biyu na kan cinya, ya karɓi cokali huɗu, na biyar ya kau da kai. Cokali ya bi shi. Ya datse baki, ya sa hannu ya ture. "Haba Babana, buɗe baki, loma ɗaya kawai." Ya gantsare, ya fara kuka, kukan ya buɗe bakin, cokali ya shige. Uwar ta yi ajiyar zuciya, a ganinta an samu ci gaba. Shekara uku bayan haka maganar ta koma ta baki. "Umma, na ƙoshi." "Ƙoshin me? Me ka ci? Ba za ka tashi ba sai na ga gindin kwanon nan."

Babu mugunta a wannan. Tsoro ne, tsoron kada yaro ya rame, kada ya kwanta ciwo, kada a ce ba ta iya riƙo ba. Amma a dubi abin da yaron ya koya. Cikinsa ya ce ya isa, ya faɗa da kai, ya faɗa da hannu, ya faɗa da baki, duk ba a karɓa ba. An nuna masa cewa abin da yake ji a jikinsa ba abin dogaro ba ne, kuma "a'a" ɗinsa ba ta da nauyi. An kuma ɗaure masa lokacin ci da fargaba, sau uku a yini.

Abin haushin shi ne matsin ba ya ma biyan buƙatar da aka yi shi dominta. A wani gwaji da aka buga a 2006, Amy Galloway da Birch sun riƙa ba yaran makarantar reno miya iri biyu na tsawon makonni. A kan ɗaya ana ce musu su daure su shanye, cikin murya mai laushi ma, babu tsawa. A kan ɗayar ba a cewa komai. A ƙarshe wadda ba a yi musu naci a kanta ba ita suka fi sha, wadda aka matsa musu kuwa ita ta sha kushe. Wani bincike na 2002 ya tambayi ɗaliban jami'a a Amurka ko an taɓa tilasta musu cin wani abu suna yara. Fiye da biyu bisa uku sun ce an taɓa, kuma mafi yawan waɗannan sun ce har gobe ba sa cin wannan abincin da son ransu. Ban da haka, ɗure wa yaron da ke kuka yana da haɗarin da ya fi na tunani kusa: abincin na iya bin hanyar numfashi ya shiga huhu.

Gaskiya ita ce babu gwajin da ya nuna cewa ɗure kaɗai yana haifar da ciwon damuwa a girma. Abin da aka fi tabbatarwa shi ne yana ɓata tsakanin yaro da abinci, yana kuma mayar da zaman ci filin daga tsakaninsa da wanda ya fi so a duniya. Wannan ma ba ƙaramar asara ba ce.

Alewar share hawaye

Idan ana neman inda hujja ta fi ƙarfi, a nan take. Yaro ya faɗi ya kurje gwiwa, ko an yi masa allura, ko an ƙwace masa abin wasa. Kafin kukan ya kai ƙarshe an danƙa masa alewa. Kuka ya tsaya cak. Kowa ya huta, shi ya sa dabarar take da farin jini.

Yaro ba a haife shi da iya rarrashin kansa ba. Wajen manya yake koya, ta hanyar maimaici. Ya ji ɓacin rai, aka ɗauke shi, aka ce masa "ka ji zafi ko? Sannu, zai daina," ya jira, zafin ya lafa. Sau ɗari, sau dubu, har ya gane cewa ɓacin rai abu ne mai suna, mai zuwa ya wuce, kuma ana iya kai kukansa wajen mutum. Idan kuwa kullum zaƙi ne ke zuwa kafin magana, darasin da zai ɗauka daban ne: duk abin da ya tokare ƙirji, a danne shi da ci.

A birnin Trondheim na ƙasar Norwe, Silje Steinsbekk da abokan aikinta sun bi yara kimanin 800 tun suna shekara 4, suka sake duba su a 6, 8 da 10. Sakamakon da suka buga a 2018 ya nuna zagaye ne. Iyayen da ke rarrashi da abinci, 'ya'yansu sun fi komawa ci idan ransu ya ɓaci bayan shekara biyu. Yaran da abinci ke saurin kwantar musu da hankali kuma, iyayensu sun fi ƙara riƙe dabarar. Waɗanda tun suna shekara 4 suke da saurin fushi da kuka su ne suka fi faɗawa cikin zagayen. A Ingila, Jackie Blissett, Emma Haycraft da Claire Farrow sun gwada abin a ɗakin bincike: aka ciyar da yara suka ƙoshi, aka ɗan ɓata wa wasu rai da gangan, aka ajiye kayan maƙulashe a kusa. Yaran da a gida aka saba sarrafa su da abinci su ne suka fi kai hannu.

Binciken tagwaye ya ƙara wa wannan ƙarfi. Akwai wani babban aiki a Ingila mai suna Gemini, da ke bin iyalai kimanin 2,400 masu tagwayen da aka haifa a 2007. Dabarar ita ce a kwatanta tagwaye masu kama ɗaya, waɗanda ƙwayoyin gadonsu duk ɗaya ne, da tagwayen da kusan rabi kawai suka haɗa. Idan hali na gado ne, masu kama ɗaya za su fi yin daidai a kansa. A kan cin abinci don ɓacin rai, rabon gado a ƙuruciya bai wuce kashi 10 cikin 100 ba. Sauran kusan duk daga gidan da aka tashi ne. Koyonsa ake yi ke nan, kuma shi ne halin da daga baya ake yawan gani tare da cin da ya wuce kima a ɓoye, da jin kunya bayan an ci, da ciwon damuwa.

Kada a ɗauki wannan a kai shi kan jariri. Ba wa jinjiri mai kuka nono ba ya cikin wannan lissafi, domin a wajensa ƙoshi da ɗumin jiki da kwanciyar hankali abu guda ne. Alewar ranar allura ma ba ita ce matsalar ba. Maganar a kan dabarar da ta zama ita kaɗai ce a hannun iyaye.

Ɗan'uwan wannan shi ne ciniki: "cinye ganyen nan in ba ka alewa." Tun a shekarun 1980 Birch ta nuna abin da cinikin ke haifarwa. Abin da aka sa a matsayin lada yana ƙara daraja a idon yaro, abin da aka ce sai ya ci kafin ya samu ladan kuma darajarsa na faɗuwa. Yaro ba wawa ba ne. Ya san ba a biyan mutum don ya ci abu mai daɗi.

Hani kuma ta ɗaya gefen yake ɓullowa. A 1999 Jennifer Fisher da Birch sun sa wani abin maƙulashe a cikin kwalba mai haske a gaban yara 'yan shekara 3 zuwa 5, suna gani amma an hana su taɓawa sai na ɗan lokaci. Nan da nan ya zama abin magana, abin roƙo, da aka buɗe kuma suka yi masa rubdugu. Da suka bi wasu yara mata daga shekara 5 zuwa 9, sun ga waɗanda aka fi taƙaita wa ci a gida su ne suka fi cin abu ba tare da yunwa ba idan sun samu sarari. Akwai bambanci tsakanin gidan da ba a cika sayen kayan zaƙi ba da gidan da ake saye a kulle a kabad, yaro na jin ƙarar makulli. Na farko tsari ne da yaro bai ma san da shi ba. Na biyu kullum tuna masa ake yi cewa ba a yarda da shi ba.

Hanin da ya fi ciwo shi ne wanda ke tafe da magana a kan jiki. "Kin ga yadda kike ƙara faɗi kuwa? Ajiye cokalin nan." Ayyukan Dianne Neumark-Sztainer a kan matasa a jihar Minesota sun nuna cewa tsokana da yawan zancen ƙiba a gida suna tafiya tare da ƙin jinin jiki, da horar da kai da yunwa, da alamun damuwa, musamman ga 'yan mata. Ba su kuma rage ƙibar. Shi ya sa a 2016 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta shawarci iyaye su bar zancen nauyi, su koma zancen abin da ke ƙara lafiya, su kuma yawaita ci tare.

Wa ya fara?

Wanda ya karanta zuwa nan zai iya cewa to, ashe duk laifin iyaye ne. Nan ne ya kamata a taka burki, domin yawancin binciken wannan fanni abu biyu yake gani tare, bai ga wanda ya haifi wani ba.

A koma kan tagwayen Gemini. Da aka auna zaɓen abinci, wato yaron da ba ya cin wannan ba ya cin wancan, sai sakamako ya zama kishiyar na baya. Rabon gado ya kai kashi 60 cikin 100 tun yaro na wata 16, ya haura 70 daga shekara 3 zuwa 13. An kuma ga uwa ɗaya, a gida ɗaya, tana matsa wa tagwai ɗaya fiye da ɗan'uwansa, kuma wanda ya fi zaɓe shi ne ke shan matsin. Halin yaron ne ya jawo salon uwar. Wani babban bincike a birnin Rotterdam na ƙasar Holand ya ga kibiyar tana tafiya ta ɓangare biyu: zaɓe na jawo matsi, matsi na ƙara zaɓe.

Sannan ga aikin Nancy Zucker na jami'ar Duke, wanda aka buga a 2015 a kan yara 917 'yan shekara 2 zuwa kusan 6. Kimanin ɗaya cikin biyar suna da zaɓen abinci, kashi 3 cikin 100 kuma nasu ya yi tsanani. Masu zaɓen sun fi sauran nuna alamun fargaba da damuwa, kuma sun fi jin ƙarfin wari, ɗanɗano, ƙara da taɓi. A nan zaɓen alama ce ta yaron da duniya ke shigar masa da ƙarfi. Abin da wani ke ji ɗan ɗaci-ɗaci, shi tashin zuciya yake sa shi. Wanda ya kira wannan iskanci ko sangarta ya yi masa ɗure, ya ɗora tsoro a kan tsoro.

Haka batun cin abinci tare. A 2004 aka buga bincike a kan matasa fiye da 4,700 a Minesota, aka ga waɗanda suka fi yawan ci da iyalinsu sun fi ƙarancin alamun damuwa da shaye-shaye. Ana yawan kafa hujja da wannan, ni kuwa ina ganin a riƙe shi da hannu biyu amma kada a ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa. Gidan da ake iya zama a ci tare sau da yawa gida ne mai zaman lafiya da sararin lokaci tun asali, kuma matashin da damuwa ta kama shi ne farkon mai ɗaukar kwanonsa ya shige ɗaki. Zaman da kullum ake titsiye da tonon laifi ba shi da wata albarka don kawai an haɗu.

Shayarwa ta ba da darasi mafi kyau a kan wannan ruɗani. An daɗe ana ganin yaran da suka sha nono sosai sun fi natsuwa. A Belarus, a 1996 da 1997, aka yi gwaji a kan jarirai kimanin 17,000, inda aka raba asibitoci ta hanyar ƙuri'a, wasu aka ƙarfafa shayarwa a cikinsu, wasu aka bar su yadda suke. Shayarwar ta rage gudawa a shekarar farko, kuma amfaninta ga lafiyar jariri ba abin musu ba ne. Amma da aka auna ɗabi'a da halayyar yaran suna shekara 6 da rabi, ba a ga bambanci ba. Uwar da nono ya ƙi zuwa mata, ko ciwo ya hana ta shayarwa, ba ta da dalilin ɗaukar cewa ta cuci tunanin ɗanta.

Zuciyar mai riƙe da cokali

Ciyar da ƙaramin yaro aiki ne na lura. Sai an kalli fuskarsa, an gane buɗe bakin yunwa da kau da kan ƙoshi, an jira, an sake gwadawa. Ciwon damuwa kuwa abin da yake fara cinyewa ke nan: lura, haƙuri, kuzari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin kashi 13 cikin 100 na matan da suka haihu suna fama da matsalar ƙwaƙwalwa, galibi damuwa, a ƙasashe masu tasowa kuma adadin ya kusa kashi 20. Wani mai bincike, Atif Rahman, ya bi mata a yankin Rawalpindi na Pakistan tun suna da ciki, ya ga jariran matan da ke da damuwa sun fi ramewa da tsumburewa. A 2011 aka tattara bincike 17 daga ƙasashe 11 masu tasowa, aka ga haɗarin rashin nauyi ya fi da kusan kashi 50, na tsumburewa kuma da kusan kashi 40, ga 'ya'yan matan da ke da alamun damuwa.

Wata uwar damuwa kan sa ta saki, ta ajiye kwano ta zuba ido a bango. Wata kuma fargaba kan sa ta ƙanƙame, tana ƙirga loma. Duka biyun, idan aka tsaya a kan koya musu yadda ake riƙe cokali, an bar jaki ana dukan taiki. A lissafa da talauci. A gidan da ba a san ko gobe za a ɗora tukunya ba, "cinye duka" magana ce ta hankali, kuma rashin tabbas ɗin abinci shi kansa an gan shi tare da damuwar iyaye mata da rikicin ɗabi'ar yara.

Abin da ke cikin kwanon ma yana da nasa hannu a tunani. Betsy Lozoff ta bi yaran da suka yi fama da matsanancin ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini suna jarirai a Kosta Rika. Fiye da shekara 10 bayan an yi musu magani, iyaye da malamai sun fi ba da rahoton fargaba, damuwa da rashin mayar da hankali a kansu. Amma gwajin da ya fi jan hankali shi ne na birnin Kingston a Jamaika, wanda Sally Grantham-McGregor ta fara a 1986 da yara 129 da suka tsumbure, 'yan wata 9 zuwa 24. Wasu aka riƙa ba su kilo ɗaya na garin madara duk mako. Wasu aka riƙa tura ma'aikaciyar lafiya gidansu duk mako tana nuna wa uwa yadda za ta yi wasa da hira da ɗanta. Wasu suka samu duka biyun, wasu ba ko ɗaya. Bayan shekara biyu, madarar da wasan kowanne ya taimaka. Da yaran suka kai shekara 17 zuwa 18, tasirin madarar ya dushe, amma waɗanda aka yi wa ziyarar wasa sun fi ƙarancin fargaba da damuwa, sun kuma fi ganin ƙimar kansu.

Rabon aiki

Shawarar da ta fi karɓuwa a wajen masana ta fito ne daga Ellyn Satter, wata masaniyar abinci a Amurka, tun a shekarun 1980. Ta raba aikin gida biyu. Na iyaye ne su yanke me za a ci, yaushe, a ina. Na yaro ne ya yanke ko zai ci da nawa zai ci daga abin da aka ajiye. Masu jin wannan a karon farko sukan ɗauka sakaci ne, alhali rabin iyayen ba wasa ba ne: babu yawo da kayan maƙulashe a hannu tsakanin ci da ci, babu sake girki don an yi kuka, babu cin abinci ido na kan waya. Sabon abinci kuma ana sake kawo shi ba tare da surutu ba, domin ƙyamar sabon abu takan yi ƙarfi tsakanin shekara 2 da 6, kuma yaro na iya buƙatar ya ɗanɗana abu sau 8 zuwa 15 kafin ya karɓa. Yawancin iyaye a karo na uku ko na huɗu suke yanke hukuncin cewa ba ya so.

Sai dai mafi yawan gwaje-gwajen da ke bayan wannan shawara a kan ƙosassun yara aka yi su, a ƙasashe masu wadata. Yaron da tamowa ta kama, ko wanda zazzaɓi ko gudawa ta kayar, ma'auninsa ya lalace, ba ya jin yunwa ko da jikinsa na neman abinci ido rufe. A bar irin wannan da "in ya ji yunwa zai ci" ganganci ne. Jagorar Hukumar Lafiya ta Duniya a kan ciyar da yara 'yan wata 6 zuwa 23 ta bi tsakiya: a ciyar a hankali cikin haƙuri, a ƙarfafa wa yaro gwiwa amma kada a tilasta, in ya ƙi a canza haɗi ko laushin abincin, a rage abin da ke ɗauke masa hankali, a riƙa kallon idonsa ana yi masa magana. Ga marar lafiya, kaɗan-kaɗan a kai a kai, sannan a ƙara masa bayan ya warke.

Akwai kuma inda haƙurin gida ba ya isa. Tun 2013 littafin da likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka ke rarraba cututtuka da shi ya shigar da wata larura da ake taƙaita sunanta da ARFID: yaro ya ƙi abinci ko ya taƙaita shi ƙwarai, saboda ƙyamar wari da yanayinsa a baki, ko tsoron shaƙewa da amai, ko rashin sha'awar ci kwata-kwata, ba don yana son ramewa ba. Binciken tagwaye a Suwidin ya nuna gado na da babban rabo a cikinta, kuma tana yawan zuwa tare da fargaba ko larurar galahanga (autism). Alamun da ke cewa a nemi likita su ne nauyi ya tsaya ko ya ragu, abincin da yaro ke karɓa 'yan kala kaɗan ne kuma suna ƙara raguwa, yana kakarin amai ko firgita da ganin kwano, ko ya daina shiga cikin yara saboda batun ci. Ga matashi kuma, tsallake ci, ɓoye abinci, shiga banɗaki da zarar an gama ci, da yawan zancen jikinsa. Idan aka je asibitin, yana da kyau mai ciyarwar ta faɗi halin da ita ma take ciki, barcinta, kukanta, fargabarta, domin sau da yawa maganin sai ya haɗa da ita.